Ƙurar gwajin nukiliya: me gwamnatoci suka sani, kuma yaushe suka faɗa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Kwanan nan na ji cewa Amurka ta sake buɗe shirin biyan diyya ga mutanen da ƙurar gwajin bama-baman nukiliya ta sauka a kansu, wasunsu tun 1945. Abin ya ɗaure mini kai. Shin gwamnatocin nan ba su san ƙurar tana da illa ba ne a lokacin, ko sun sani suka yi shiru? Kuma tunda yanzu sun fito da takardu har suna biyan kuɗi, ba sai a ce magana ta wuce ba? Kai da kake aikin awon tururi, ka yarda da alƙaluman da suke bayarwa?"

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri. Tambayoyi uku kika haɗa wuri guda: me suka sani, shin diyya ta rufe maganar, kuma ko alƙalumansu abin dogaro ne. Ni aikina kare ma'aikata da majinyata daga tururin nukiliya ne (wato hasken da ido ba ya gani da wasu sinadarai ke fitarwa, mai iya lalata ƙwayoyin jiki) a asibiti, a sashen da ake bai wa masu ciwon tayirod maganin aidin mai tururi. Da abin da na sani daga wannan aiki zan fara, domin shi ne mabuɗin sauran.

Mece ce ƙurar, kuma me ya sa kwanaki suke da muhimmanci

Idan aka tayar da bam a sarari, musamman kusa da ƙasa, wutarsa tana zuƙe ƙasa da duwatsu da ruwa ta yi sama da su, su cakuɗe da ragowar abin da ya tarwatse a cikin bam ɗin. Masu nauyi suna zubowa cikin sa'o'i, a inda iska ta kaɗa su. Masu laushi suna hawa can ƙololuwar sama su yi watanni ko shekaru suna kewaya duniya. Ruwan sama kuma yana iya sauko da su tashi ɗaya a wurin da babu wanda ya zata. A watan Afrilu 1953 an yi gwaji a jihar Nevada ta Amurka, bayan kamar kwana biyu aka sheƙa ruwa a garin Troy na jihar New York, fiye da kilomita 3,000 daga wurin, sai ɗalibai a wata makarantar kimiyya suka ga na'urorinsu sun haukace. An yi gwaji sama da 2,000 a duniya tun 1945, fiye da 500 daga ciki a sarari.

Sinadaran da ke cikin ƙurar suna da yawa, kuma kowanne da tsawon ransa. Fulutoniyom-239 sai ya shekara kusan 24,000 kafin rabinsa ya ƙare. Siziyom-137 da sitirontiyom-90 kusan shekara 30 kowanne, kuma na biyun jiki yana ɗaukarsa kamar sinadarin gina ƙashi, ya ajiye shi a ƙashi da haƙori. Amma wanda nake so ki riƙe shi ne aidin-131, wanda rabinsa ke ƙarewa duk bayan kwana 8.

Kin san tayirod, halittar nan ta gaban wuya da in ta kumbura ake cewa maƙoƙo. Ba ta bambance aidin mai tururi da na abinci, duk wanda ya shigo jiki tattara shi take yi. Shi ya sa muke amfani da shi a matsayin magani: a ba majinyaci, ya tafi kai tsaye inda ciwon yake. Kafin mu ba mace wannan magani sai mun tabbatar ba ta da ciki kuma ta daina shayarwa, domin yana fita ta nono. Muna keɓe majinyacin, mu auna ɗakinsa da zanin gadonsa da bayan gidan da ya shiga. Na sha ganin na'urar awo tana ƙara ba ƙaƙƙautawa a jikin zanin gado, mu kulle shi a ma'ajiya, bayan wata uku mu ɗauko mu kara mata ta yi tsit. Bayan kwana 80 abin da ya rage bai kai ɗaya cikin dubu ba.

To ki ɗauki wannan ki kai shi makiyaya. Ƙura ta sauka a ciyawa, saniya ko akuya ta ci, aidin ya fito a madara, yaro ya sha. Tayirod ɗin yaro ƙarama ce ƙwarai kuma tana kan girma, don haka kofi ɗaya ya fi yi masa illa nesa ba kusa ba a kan babba. Kariyar kuwa mai sauƙi ce: a daina shan sabuwar madarar yankin na 'yan makonni, a ciyar da dabbobi da busasshen abincin da aka adana. Gargaɗin da aka yi a makon farko yana ceton tayirod ɗin yaro. Wanda aka yi bayan wata uku ihu ne bayan hari. Kuma ba kariyar kaɗai ke wucewa ba, har da shaidar. Wanda bai auna madarar da wuyan yaran a waɗannan makonni ba, ba zai taɓa samun abin aunawa ba kuma har abada.

Abin da takardunsu suka nuna

Ba komai suka sani ba a 1945, gaskiya ce. Amma sun san abin da ya isa su yi gargaɗi, kuma saninsu yana ƙaruwa kowace shekara alhali maganarsu ga jama'a tana nan yadda take.

Ranar 16 ga Yuli 1945 aka yi gwajin farko, wanda ake kira Trinity, a hamadar jihar New Mexico ta Amurka. Sanarwar da sojoji suka bai wa jaridu ita ce wani rumbun harsasai ne ya yi bindiga. Akwai masu awo da aka baza a hanyoyi suna bin gajimaren, kuma an tanadi shirin kwashe mutane, amma ba a kwashe kowa ba. Iyalan yankin da ruwan rufin ɗaki suke tarawa su sha, suna tatsar shanunsu, suna cin abin lambunsu. Tokar ta sauka a kan duka.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na kamfanin Kodak. Bayan Trinity, fim ɗin hotonsu ya riƙa lalacewa da ɗige-ɗige, wani masanin kamfanin ya bi diddigi ya gano cewa kwalin da ake naɗe fim ɗin, wanda aka yi a jihar Indiana, ya gurɓata da burbushin bam. Da aka fara gwaji a Nevada a 1951, dusar ƙanƙara mai tururi ta sauka a Rochester inda hedikwatarsu take, suka yi barazanar zuwa kotu. Hukumar makamashin nukiliya ta Amurka ta amince ta riƙa bai wa masu yin fim labarin gwaji tun kafin a yi, da hasashen inda ƙura za ta sauka, don su kare hajarsu. Masu shanu da iyayen yara ba su samu wannan ba. Sai a 1997 maganar ta fito fili a zauren majalisar dattawa. Duk lokacin da wani ya ce mini ba su da hanyar sanin inda ƙura za ta bi, wannan nake tuna masa.

A Nevada an yi gwaji 928 daga 1951 zuwa 1992, 100 daga ciki a sarari. Ana jira ne sai iska ta juya baya ga Las Vegas da California ta nufi gabas ko arewa, inda ƙananan garuruwan Utah suke, irin su St. George. A bazarar 1953 dubban tumaki suka mutu a yankin Cedar City, wasu da ƙuna a baki da fuska, 'ya'yansu ana haifarsu a mace ko a naƙashe. Makiyayan suka kai ƙara, gwamnati ta ce yunwa da sanyi ne, suka faɗi shari'ar a 1956. A 1982 alƙalin da ya yanke wancan hukunci da kansa, Sherman Christensen, ya sake duba takardun da suka fito, ya ce gwamnati ta yaudari kotu: an matsa wa shaidu, an ɓoye bayanai. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncinsa.

Hanyar madara kuwa, zuwa 1957 ba ta da sauran duhu. A watan Oktoban shekarar gobara ta tashi a tashar nukiliya ta Windscale a Ingila, hukumomi suka hana sayar da madarar gonakin da ke cikin kusan murabba'in kilomita 500, aka zubar da ita na makonni, saboda aidin-131. An ga matsalar, an ga maganinta. Nevada ta ci gaba da gwaji a sarari har 1962 ba tare da irin wannan gargaɗi ga ƙasa baki ɗaya ba.

A tsibiran Marshal da ke tekun Pasifik, Amurka ta yi gwaji 67 tsakanin 1946 da 1958. Mafi girma, Bravo, na ranar 1 ga Maris 1954, ya kai megatan 15, wato ƙarfin tan miliyan 15 na nakiya, fiye da ninki biyu na abin da aka yi hasashe. Farar toka ta zubo a tsibirin Rongelap, yara suka yi wasa a cikinta, ta shiga ruwan sha. Sai bayan kwana biyu aka kwashe mutanen, da ƙuna a fata, gashi na zubewa. Aka sa su cikin wani binciken likitanci na sirri mai lamba 4.1. A 1957 aka mayar da su gida aka ce lafiya lau, daga baya cutar tayirod ta bayyana a yawancin waɗanda suke yara a ranar, har a 1985 suka tattara suka bar tsibirin a jirgin ƙungiyar Greenpeace. Duniya ta ji labarin Bravo da wuri ne saboda tokar ta faɗa wa wani jirgin kamun kifi na Japan mai mutum 23, suka koma gida ba lafiya, ɗaya ya rasu a watan Satumba. Likitocin Japan ba a ƙarƙashin sojan Amurka suke ba, don haka abin da suka gani suka faɗa.

Tarayyar Sobiyet ta yi gwaji 456 a Semipalatinsk ta Kazakistan daga 1949 zuwa 1989. A 1957 ta buɗe wata cibiya ta sa mata sunan asibitin yaƙi da cutar dabbobi da ke kama mutane, mai lamba 4. Aikinta na gaskiya bin lafiyar mutanen ƙauyukan da ƙura ke sauka ne, ana rubutawa ana kullewa. Ki duba wannan a matsayinki na mai jinya: a ɗebi jinin mutum shekara da shekaru, a san abin da ke damunsa, a ƙi faɗa masa.

Faransa ta fara nata a Reggane cikin Saharar Aljeriya ranar 13 ga Fabrairu 1960. Huɗu ta yi a sarari a can, sannan 13 a cikin dutse a In Ekker har 1966. Ta ce wurin babu kowa kuma ƙurar ba za ta je ko'ina ba. Ƙasashen Afirka ba su yarda ba. Bayan gwaji na uku, a Janairu 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Najeriya ta hana jiragen ƙasar sauka. Fiye da shekara hamsin bayan haka, a 2014, wata taswirar sojan Faransa da aka cire wa sirri ta fito a jarida, tana nuna gajimaren gwajin farko ya ratsa Chadi da Mali da wasu ƙasashen kudu da Sahara, kuma cikin mako biyu ya kai gaɓar Sifaniya da tsibirin Sisili. Taswirar tun lokacin take a aljihun tebur. A ranar 1 ga Mayu 1962 ma dutsen In Ekker ya kasa riƙe wani gwaji, gajimare ya fito ya lulluɓe sojoji da ministoci biyu da suka zo kallo. Daga nan Faransa ta koma Polinesiya, tsibiran da take mulka a tekun Pasifik, inda ta yi gwaji 193 har 1996. Bayan na farko a Yuli 1966, likitan soja da aka tura tsibirin Mangareva ya samu ganyayyaki da ƙasa sun gurɓata, ya rubuta a rahotonsa na sirri cewa wataƙila sai an rage alƙaluman gaskiya don kada jama'a su daina yarda da hukuma.

Dalilan ɓoyewar

Akwai sirri na gaskiya a ciki, kuma adalci ne a faɗa. Ƙurar bam tana tona yadda aka ƙera shi. Daga binciken da masanan Japan suka yi wa tokar jirgin kamun kifin nan ne masanin kimiyya Joseph Rotblat ya gano tsarin bam ɗin Bravo. Don haka na fahimci soja da zai ƙi bayyana cikakken jerin sinadaran da ke cikin toka. Amma cewa uwa "kada ki ba yaro madarar nan har wata guda" ba ya koya wa abokin gaba ƙera komai.

Abin da ya fi ƙarfi shi ne tsoron kada jama'a su tsayar da gwajin. A Amurka hukuma ɗaya ce take ƙera bam, take gwada shi, kuma ita ce mai cewa ko gwajin yana da illa. Haka abin yake a Faransa da Sobiyet. Ko a asibiti ba ma yarda da wannan tsari: wanda ke ba da maganin daban, mai awon kariya daban, kuma mai awon yana da ikon cewa a dakata. In ka haɗa su a hannu ɗaya, ba sai mutum ya zama mugu ba kafin ya fara karanta kowane awo ta fuskar da aikinsa zai ci gaba. Sai tsoron shari'a da biyan kuɗi ya zo ya ƙara.

Sannan akwai abin da ba na iya kau da kai daga gare shi, wato su wane ne ke zaune inda iskar ke kaɗawa. Mutanen tsibirai da ke ƙarƙashin riƙon amana, makiyayan Kazak, Buzaye da mazauna dausayin Sahara a ƙasar da ake mulkin mallaka, 'yan asalin Ostareliya a Maralinga da Emu Field inda Birtaniya ta yi nata gwaje-gwajen a shekarun 1950, ƙananan manoma da ƙabilun asali na yammacin Amurka. An zaɓi wuraren da aka kira "babu kowa", kuma a kowannensu akwai mutane, sai dai muryarsu ba ta kai fadar gwamnati.

Ko diyya ta rufe magana

A ganina ba ta rufe ba, kuma dalilina yana komawa ga kwana 8 ɗin nan. Ki duba yadda abin yake faruwa. Gwamnati ce kaɗai take da na'urori da masu awo a ranar da ƙura ta sauka. Ba ta auna ba, ko ta auna ta kulle. Bayan shekara talatin mutum ya kamu da sankara ya zo kotu, sai a ce masa: kawo hujjar cewa tururi nawa ya shiga jikinka. Ana neman shaida a hannun wanda aka hana shaidar. A 1984 alƙali Bruce Jenkins a Utah ya ga wannan, ya ba mutum 10 cikin 24 da aka fara saurara gaskiya, ya ce gwamnati ta yi sakaci wajen gargaɗi da awo. A 1987 aka soke hukuncin, ba don an ce bai faru ba, sai don doka ta kare gwamnati daga ƙara a kan shawarwarin da ta yanke na manufa.

Wannan toshewar ce ta haifi dokar diyya ta 1990. Abin da ta yi daidai shi ne ta sauke nauyin hujja: in ka nuna ka zauna a ƙananan hukumomin da aka lissafa a shekarun gwaji, kuma kana da ɗaya daga cikin cututtukan da aka lissafa, za a ba ka dala 50,000 ba tare da ka tabbatar da cewa ƙurar ce sanadi ba. Majalisa ta kuma ba da haƙuri a cikin dokar. Inda ta gaza shi ne iyakar da aka zana a taswira. Ƙura ba ta san iyakar ƙaramar hukuma ba. Mutanen New Mexico, waɗanda suka fara shan tokar, ba a sa su ba, haka ma yankunan Idaho da Montana da binciken gwamnati ya nuna sun sha aidin sosai. Dokar ta ƙare a Yuni 2024, aka farfaɗo da ita a Yuli 2025, kuɗin ya koma dala 100,000, aka shigar da New Mexico da Idaho da dukan Utah. Wannan shi ne labarin da kika ji.

Tsibiran Marshal an ba su asusun dala miliyan 150 a yarjejeniyar 1986, da sharaɗin an rufe ƙofar ƙara a kotunan Amurka. Kotun musamman da aka kafa don raba kuɗin ta yanke diyyar da ta haura dala biliyan 2, asusun ya ƙare, mafi yawa ba a biya ba. Faransa ta yi dokarta a 2010, amma ta sa wani sharaɗi da ya ba kwamitin damar ƙin biya in ya ga haɗarin bai taka kara ya karya ba, sai ya zama kusan duk masu nema ana mayar da su hannu rabbana a shekarun farko. An cire sharaɗin a 2017, aka maye gurbinsa a ƙarshen 2018 da ma'aunin milisibat 1 (milisibat shi ne abin da ake auna yawan tururin da jiki ya sha da shi), wanda bai kai shi ba ana iya hana shi diyya. Wa ke da lissafin wanda ya kai milisibat 1? Hukumar da ta yi gwajin. A 2021 wasu 'yan jarida da masu bincike na jami'ar Princeton suka sake lissafi daga takardun da aka buɗe, suka nuna cewa ƙurar gwajin Yuli 1974 ta bi ta kan Tahiti, babban tsibirin Polinesiya, kuma mutane kusan 110,000 na iya kasancewa sun haura ma'aunin. A shekarar Shugaba Macron na Faransa ya je can ya ce Faransa tana da bashi a wuyanta, ya yi alƙawarin buɗe takardu, amma bai ba da haƙuri ba. 'Yan Aljeriya da aka biya kuwa ba su cika tafin hannu ba, kuma ƙasar tana ta neman cikakkun taswirorin inda aka binne kayan da suka gurɓata a cikin yashi.

Ko na yarda da alƙaluman

Zan ba ki misali daga wurin aikina. Kowane ma'aikacinmu yana maƙala ɗan bajen awo a ƙirji, a karɓa duk wata a karanta. Wata rana aka nemi tarihin awon wani tsohon ma'aikaci da ya kwanta rashin lafiya, sai muka tarar akwai watanni da yawa da babu komai a fayil ɗinsa, bajen ya ɓata ko ba a aika da shi karatu ba. Wani ya ce a rubuta sifiri tunda ba a ga komai ba. Na ƙi. Rashin awo ba sifiri ba ne. Muka koma kundin aiki, muka ƙirga majinyatan da ya yi hulɗa da su, muka duba awon abokan aikinsa, muka rubuta ƙiyasi mai ƙasa da sama, muka bayyana yadda muka samo shi. Duk alƙaluman ƙurar gwaji da kike gani irin wannan ne, sake gini ne daga baya: daga bayanan iska, da 'yan tashoshin awo, da tambayar dattijo madarar wace dabba ya sha yana ɗan shekara huɗu.

Shi ya sa na fi natsuwa da alƙalumin da ya zo da faɗi. A 1983 majalisar Amurka ta umarci cibiyar binciken sankara ta ƙasa ta ƙiyasta aidin-131 na Nevada. Sai a 1997 rahoton ya fito, bayan shekara 14 da matsin lamba. Ya nuna ƙurar ta taɓa kusan kowace ƙaramar hukuma a ƙasar, kuma ƙiyasin da masanan cibiyar suka yi na ƙarin masu sankarar tayirod ya kama daga 11,300 zuwa 212,000. Wannan tazara mai faɗi ita ce gaskiyar lamarin. Wanda ya ba ki lamba ɗaya tilo ya ce "bai kai ma'auni ba", ba tare da ya nuna ɗanyen awo da hanyar lissafi ba, kada ki karɓa, ko gwamnati ce ko mai adawa da ita.

Na faɗi mai adawa da gangan. Ba kowace cuta a yankin gwaji ce ƙura ta haifar ba, kuma iliminmu yana da iyaka a nan da ba zai tsallake ba: sankarar da tururi ya jawo da wadda ta zo da kanta kamarsu ɗaya a madubin likita. Muna iya cewa a cikin jama'a kaza an samu ƙari kaza, amma ba ma iya nuna mutum ɗaya mu ce kai ne. Wannan iyaka ita ce hujjar sauke wa majinyaci nauyin hujja, ba hujjar korarsa ba. Haka kuma ga wanda ke nesa da wuraren gwaji, ragowar ƙurar da ke yawo a yau kaɗan ce ƙwarai: matsakaicin tururin da mutum ke samu daga ƙasa da sama da abinci bisa halitta ya kai milisibat 2.4 a shekara, na tsohuwar ƙura kuwa bai kai ɗaya cikin ɗari na wannan ba. Da ƙurar Sahara ta rufe Turai a Maris 2022, aka yi ta cewa gubar Reggane ce ta dawo. Masu bincike suka tattara samfura suka auna, suka ga adadin bai kai na cutarwa ba, kuma tambarin fulutoniyom ɗin ya fi dacewa da manyan gwaje-gwajen Amurka da Sobiyet da suka bazu a duniya. Awo mai zaman kansa yana iya kama gwamnati, yana kuma iya wanke ta, shi ya sa ake yarda da shi.

Irin wannan awo ne ya fara karya shirun tun farko. A ɓoye, tun 1953 hukumar nukiliyar Amurka tana tattara ƙasusuwan mamata daga ƙasashe daban-daban, har da na jarirai, sau da yawa ba da sanin iyaye ba, tana auna sitirontiyom. A sarari kuma, likita Louise Reiss da abokan aikinta a birnin St. Louis na Amurka suka roƙi iyaye su aiko da haƙoran da 'ya'yansu suka famfare. An tara sama da 300,000, sakamakon farko ya fito a 1961 yana nuna sitirontiyom-90 na ƙaruwa a bakin yara shekara bayan shekara. Abu ɗaya aka auna a wuraren biyu. Na farkon ya kwanta a fayil, na biyun ya shiga cikin matsin da ya kai ga yarjejeniyar 1963 ta hana gwaji a sarari. Faransa ta ci gaba har 1974, Sin har 1980.

Yau akwai tashoshi sama da 300 a faɗin duniya da ke sauraren girgizar ƙasa da shaƙar iska a ƙarƙashin yarjejeniyar 1996 ta hana gwaji gaba ɗaya, ko da yake ita yarjejeniyar ba ta fara aiki a hukumance ba. Ɓoye gwaji ya yi wuya ƙwarai yanzu. Ɓoye abin da tsohon gwaji ya bari kuwa yana nan. A Disamba 1993 sakatariyar makamashi ta Amurka Hazel O'Leary ta bayyana gwaji 204 da ba a taɓa sanarwa ba, kuma wannan ya nuna ana iya buɗewa in an so. Amma Faransa ta yi doka a 2008 da ta ba da damar kulle takardun da suka shafi ƙera makaman nukiliya ba tare da wa'adi ba, kuma bayanan lafiya kan maƙale a cikin irin waɗannan fayiloli. Yarjejeniyar 2017 ta haramta makaman nukiliya ta ɗora wa ƙasashe nauyin taimakon waɗanda gwaji ya shafa da tsabtace wuraren, sai dai babu ƙasa ɗaya mai makamin da ta sa hannu.

Ni ba lauya ba ne, don haka sharuɗɗan neman diyya na bar wa masu aikin. Abin da na sani daga sabuwar dokar Amurka shi ne mai nema daga New Mexico sai ya kawo takardar da ke nuna ya zauna a jihar a shekarun gwajin, da takardar asibiti mai nuna cutar tana cikin jerin da aka amince. Yarinyar da take da shekara 5 a ranar Trinity ta kai 85 lokacin da aka sa sunan jiharta a doka. Da yawa daga cikin sa'o'inta sun rasu, 'ya'yansu ne yanzu ke bin tsofaffin makarantu da majami'u da asibitocin karkara suna neman rajistar shekarun 1940 da 1950, kuma an sa ƙarshen 2027 ya zama ranar rufe karɓar takardu.